Takardar Korar Malam Isuhu

Tun da aka buɗe gidan kallon ƙwallo a bayan gidana na daina sanin natsuwar la'asar. Rumfa ce ta kwano, da janareto mai tari, da allo a bakin ƙofa inda ake rubuta wasan ranar da alli. Tun shekarun da aka ƙaddamar da shari'a aka ja wa masu irin wannan sana'a kunne, shi ya sa da ladan ya ɗaga murya sai a kashe na'ura, samari su fito su yi sahu. Wannan kam na gode wa Allah. Amma da liman ya yi sallama, tun ba a shafa addu'a ba, musu ya tashi. Jiya ina kan dakalina ina jin su. Wannan ya ce a kori kocin nan, ya kashe musu ƙungiya. Wancan ya ce laifin mai ƙungiyar ne, haƙurinsa ya yi yawa. Ƙungiyar tana can wata ƙasar Turawa, kocin bai san akwai wani gari wai shi Gwarzo ba, duk abin da suka faɗa iska ce za ta kwashe. Amma ni sai na kasa zama. Na shiga gida, na fito, na sake komawa, carbi na hannuna ban san adadin da na ja ba. Mu ma mun yi irin wannan musu muna samari, sai dai namu kocin muna haɗa kafaɗa da shi a masallaci.

Lokacin tsuke bakin aljihu ne, sa'ad da sabulu ya zama abin ɓoyewa a ƙasan akwati, ana layin kananzir tun da hantsi har azahar a dawo da galan ba komai. Ƙwallo ɗaya gare mu, ta sha ɗinki a wurin baduku har ba a gane asalin fatarta. Filin yana bayan firamare, turakun raga na itacen dalbejiya ne, layin kuwa da toka ake zuba shi, iska ta share, a sake zubawa. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ƙwallon nan in ta haɗu da ƙafar da ba takalmi, da usur, da muryar mai rake yana ratsa jama'a. Ba mu da abin kashewa, amma muna da wannan fili. Mai ƙungiyar shi ne Alhaji Ɗanlami, dattijo mai fataucin gyaɗa. Shi ya sayi riguna, shi yake ba da babbar motarsa a kwashi 'yan wasa da 'yan kallo in za a fita. Bai taɓa buga ƙwallo ba, ban ma tabbata ya san dokokinta ba. Abin da yake cewa kawai, gara yara su gaji a fili da su zauna a bakin tasha suna koyon abin da ba a aike su ba.

Kocin kuwa Malam Isuhu ne, malamin firamare, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani daga barci. Yana da tsari nasa wanda ya ƙi bari ko don wa. Na farko, ba ya ɗauko 'yan wasan haya daga birni, alhali mutanen Kabo, abokan hamayyarmu, duk babban wasa sai sun ɗauko biyu ko uku. Shi sai ya hau kekensa ya bi Mainika da Lakwaya yana tsinto yaran manoma. Na biyu, da damina ta kama yakan sallame su su tafi gona, ba atisaye sai an gama maimai, wai yaron da ya bar ubansa shi kaɗai a gona ba zai ga albarkar ƙwallo ba. Na uku, wanda ya fi ci mana rai, ya hana su ɗaga ƙwallo sama. Mu kuwa a lokacin gwani shi ne wanda zai narka ta ta wuce tsayin rimi, jama'a su yi ihu. Shi kuwa cewa yake a ajiye ta ƙasa, a ba na kusa. A shekarar da nake ba da labari an ci mu wasa biyar a jere, na ƙarshen kuwa mutanen Kabo ne suka zo har gida suka zuba mana huɗu.

Majalisarmu a ƙofar shagon Sale Tela take. Shi ne shugaban masu cewa a kori Malam Isuhu, yana taka keken ɗinki yana zuba magana, zare a baki.

"Ƙwallo ce ko tsintar wake? Ba ni in ba ka, ba ni in ba ka, har rana ta faɗi ba wanda ya leƙa raga! Wallahi ko ni aka ba yaran nan zan fi shi."

Baba Tanko mai facin keke, wanda rumfarsa ke jikin shagon, shi kaɗai ne ke kare Malam. Bai ɗago daga tayar da yake dubawa a ruwa ba ya ce, "Kai Sale, wandon da na kawo maka tun azumi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wanda ya kasa daidaita ƙafa biyu, shi zai daidaita ashirin da biyu?"

Aka fashe da dariya. Sale ya tsayar da keke. "Baba, bar zancen wando. Na je Kabo sayen zare, wani mai nama ko gaisuwa bai amsa ba, sai ya ɗaga mini yatsu huɗu. Ni da gemuna!"

Garba mai shayi ya ce, "Ni ban ga laifin Malam ba kamar na Alhaji. Haƙurin ya yi yawa. Da a sitonsa ne wani ya zubar da buhu biyar, ai da ko sallar azahar ba zai yi a gidan ba."

"Buhu aka zubar, ko ruwa ne bai sauka ba?" in ji Baba Tanko. "Ku riƙa bambancewa. Yaran nan bara ko tsayar da ƙwallo ba su iya ba."

"To bana sun iya tsayar da ita, saura su iya tsayar da mutanen Kabo!"

Haka muke kullum, daga la'asar har a kira magariba, mu tashi ba a gama ba, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Ni a lokacin ba ni da yawan magana a majalisa, amma zuciyata tana tare da Sale. Ba na iya barci ranar da aka ci mu. Sai in ji kamar wani abu na tafiya a ƙarƙashin fatata.

Da aka sa ranar wasan ramuwa a Kabo bayan an fara girbi, sai Sale ya kawo shawarar a rubuta wa Alhaji takarda. Ba wanda ke da ƙarfin halin tsayawa gabansa ya ce ya kori mutum, amma takarda ba ta da kunya. Matsalar ita ce, kowa ya san Alhaji ba ya karanta boko, kuma duk wasiƙar boko da ta zo masa Malam Isuhu ne ke karanta masa. Garba ya buga cinya ya ce, "To a yi ta da ajami mana! Alhaji da kansa zai karanta, daga shi sai Allahnsa." Nan duk idanu suka juyo kaina. Mahaifina malamin zaure ne, a gabansa na koyi riƙe alƙalami, kuma an san hannuna a unguwa, har mata kan aiko in rubuta musu wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da ke kudu. Ɗan Malam ake kirana. Na ji daɗin yadda suka dube ni, ba zan ɓoye ba.

Na fere sabon alƙalami, na dama tawada, na zauna a kan tabarmar shagon. Suna faɗa ina gyarawa. Na fara da yabo da addu'a, na jero wasannin da aka ci mu, na kawo zancen 'yan haya da na sakin yara lokacin damina. Ana cikin haka Sale ya rage murya ya ce, "Ai ma uwarsa 'yar ƙasar Kabo ce," aka yi dariya aka wuce. Ba wanda ya ce in rubuta. Ina so wannan ya fito fili, domin na daɗe ina raba laifin da su a zuciyata. Alƙalami ne ya yi mini daɗi, jimla ta zo mini a shirye, na ga za ta ƙawata takarda. Na rubuta cewa nono ba ya ƙarya, mahaifiyar mutumin nan 'yar ƙasar Kabo ce, mai hankali ya isa ya gane dalilin da ya sa ba ma cin Kabo. Da na karanta musu, Sale ya ce, "Kai, Ɗan Malam, alƙalaminka ya fi almakashina kaifi!" Baba Tanko ya tashi ya ja kekensa ya tafi. Sauran suka dangwala yatsa a tawada, kowa a gefen sunansa.

Ranar Asabar da hantsi na kai. Alhaji yana zaurensa a kan buzu, ga buhunan gyaɗa jingine da bango. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mahaifina da mutanen gida da gajiya, na miƙa takarda da hannu biyu. Ya kai ta kusa da fuska, ya nisanta ta, ya karkata wajen hasken ƙofa. Sa'an nan ya ajiye ta a kan gwiwa.

"Zauna, Ɗan Malam. Yanzu Malam Isuhu zai shigo, ranarsa ce ta karanta mini wasiƙu."

Na ce, "Alhaji, ai da ajami ce."

"Na ga alama. Yanar ido ce ta rufe mini gani, ya fi shekara. Boko da ajami duk sun zama mini tururuwa. Shi ke karanta mini duka."

Ban san sa'ad da na ce, "To Alhaji, bari ni in karanta maka," ba.

Ya girgiza kai. "A'a. Wanda ya rubuta ba ya karantawa. Sai ya gyara da baki abin da ya ɓata da hannu."

Na zauna. Ban taɓa zama mai tsawo irin wannan ba. Ina jin kukan kaji a cikin gida, ina jin ana daka, ina duban ƙofa ina lissafin taku nawa ne tsakanina da ita. Sai ga ƙarar keke, aka jingine shi, aka yi sallama. Malam Isuhu ya cire takalmi ya shigo, ya gaida Alhaji, ya ba ni hannu da fara'a, har ya tambaye ni ko zan bi mota zuwa Kabo. Alhaji ya miƙa masa takardar.

Mun ɗauka Malam ɗan boko ne kawai. Mun manta cewa kafin a kai kowane ɗan garin nan firamare sai ya fara wanke allo. Ya karanta ta tiryan-tiryan, da muryar nan tasa mai sanyi, kamar wasiƙar cinikin gyaɗa. Ya karanta yabon, ya karanta wasanni biyar, ya karanta inda aka ce a sallame shi a nemo wanda ya san aiki. Da ya iso jimlar nan tawa sai ya tsaya, kamar tsawon numfashi ɗaya. Na roƙi Allah a zuciyata ya tsallake. Alhaji ba ya gani, ni kuwa har abada ba zan tona ba. Bai tsallake ba. Ya karanta ta kalma bayan kalma, ya bi da sunaye har na ƙarshe, ya ninke takardar ya ajiye gaban Alhaji.

Alhaji ya ɗauki takardar ya juya ta a hannu. Can ya ce, "Hannun wa?"

Na ce, "Nawa ne, Alhaji."

"Malam, hannun ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, Alhaji. Irin na babansa ne."

Da mari aka yi mini da ya fi sauƙi. Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ɗan Malam, tun kafin a haife ka nake harkar gyaɗa. Ban taɓa ganin manomin da ke tone ta duk mako don ya ga ko ta yi 'ya'ya ba. Ka koma ka gaya wa masu yatsun nan, mota tawa ce, riguna nawa ne, haƙurin ma nawa ne. Wanda nasa ya ƙare ya sayi ƙwallonsa. Malam yana nan."

Malam Isuhu ya ce, "Na gode, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Zan kai yara Kabo don kada a ce na gudu. Daga nan a nemi wani."

"Ban sallame ka ba."

"Na sani, Alhaji. Da ƙwallo aka zaga, ko ni aka zaga, da na zauna har ka gaji da ni. Amma an sako mahaifiyata. Daga yau in an ci mu za a ce nono ne, in mun ci za a ce takarda ce ta tsorata ni. Ba zan iya tsayawa a bakin fili ina jiran wanda za a faɗa ba."

Alhaji ya yi ta ba shi baki, ya ƙi. Da na tashi zan fita, dattijon ya kira ni ya ce zancen idonsa in bar shi a zauren. Na riƙe masa wannan har ya koma ga Mahaliccinsa. A majalisa kuwa abin da na ce kawai shi ne Alhaji ya ƙi.

Mun tafi Kabo a bayan motar gyaɗa, a tsaye, muna riƙe da juna. Sun ɗauko 'yan hayarsu kamar kullum, da takalma masu ƙusa. Suka fara cin mu tun ba a je ko'ina ba. Bayan hutu sai abin da Malam ya yi shekara biyu yana shukawa ya fito. Yaran nan suka ajiye ƙwallo a ƙasa, wannan ya ba wancan, wancan ya mayar, 'yan birni suna bin ta kamar masu korar kaza, har wani ɗan Lakwaya mai ƙafar hagu ya tura ta raga a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Sale ya yi ihu har hularsa ta faɗi aka tattake. Aka tashi kunnen doki. A hanyar dawowa ana waƙa, Sale na rantsuwa shi dama ya san yaran za su yi. Malam yana can ƙuryar mota a zaune kan taya, yana ɗaure wa wani yaro yatsan da ya fashe. Sau uku ina matsawa wajensa, sau uku ina fasawa.

Kafin hutun makaranta ya ƙare ya nemi canjin wurin aiki, aka mai da shi wajen Gammo. Alhaji ya bar mu muka kawo wanda muke so daga birni, shi kuma ya zo da 'yan hayarsa. Mun ci Kabo sau ɗaya, ba zan yi ƙarya ba, mun yi murna. Amma yaran Mainika da Lakwaya suka koma zaman benci, daga nan suka daina zuwa. Kaya suka ƙara tsada, Alhaji ya ce shi don 'ya'yan gari ya fara, ba don baƙi ba, ya janye motarsa. Yanzu ajujuwa ne a kan filin.

Gammo ba nisa gare ta ba. Mutum zai je ya dawo tsakanin azahar da la'asar. Amma na yi shekara da shekaru ban je ba. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na gaji zauren mahaifina, ina koya wa yara cewa alƙalami amana ne, in na faɗa sai in ji bakina ya yi ɗaci. Sai a shekarun shari'a, da wa'azi ya yawaita a kan ƙazafi da haƙƙin bayi, wata Juma'a liman ya ce Allah yana yafe nasa, amma na mutum sai mutumin ya yafe. Ba sabuwar magana ba ce, ni kaina na sha faɗa wa wasu. Ranar dai maganar ta same ni. Washegari na hau acaɓa zuwa Gammo.

Na sami Malam Isuhu a ƙofar gida, ya yi ritaya, kai ya yi fari, yana ɓarar gyaɗa a faranti. Ya gane ni tun kafin in sauka. "A'a, Ɗan Malam! Yau wace rana?" Ya sa aka kawo ruwa da fura, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Sale, ya tambayi Baba Tanko, na ce ya rasu, muka yi masa addu'a. Sa'an nan na faɗi abin da ya kawo ni. Na gaya masa jimlar nan ba wanda ya sa ni, tawa ce ni kaɗai.

Ya ce, "Na sani. Sale ba ya iya jera magana haka."

Na ce, "Malam, abu ɗaya ya hana ni sakat. Me ya sa ba ka tsallake ba? Alhaji ba ya gani."

Ya jefa ƙwaya a faranti. "Shi ya sa. Mutum ya ba ni aron idonsa. In na tsallake layi ɗaya yau don ya yi mini zafi, gobe wanne zan tsallake?"

Na ce ya yafe mini don Allah.

"Nawa na yafe tun kafin ka sa takalminka a ƙofar zauren. Amma ba ni kaɗai ka rubuta ba, Ɗan Malam. Matar nan ba ta san ƙwallo zagaye take ko mai kusurwa ba. Ta rasu shekara uku bayan nan, ba ta ji ba, ban kuma bari ta ji ba. Nata ba a hannuna yake ba."

Na ce to me zan yi? Ya ce abin da ake yi wa mamaci, ai ni malami ne, na fi shi sani. Sai na tuna ko sunanta ban sani ba. Na tambaye shi. Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai, domin irinmu ba ma kama sunan mahaifiya da baki, ko mun tsufa. Ya ture farantin gefe, ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta shi da yatsa, da ajami. Ya jira har na karanta, na gyaɗa kai, sa'an nan ya shafe.

Ni ma ba zan rubuta shi a nan ba. Sau biyar a rana nake faɗinsa, bayan na iyayena.